Verticordia: gata ne ke kashe ta, ba yunwa ba

Na gaji da hoton busasshiyar Verticordia da ake turo min ana cewa "Yaya duba min, me ya same ta?" Amsar kusan ɗaya ce kullum, toh bari in rubuta kowa ya huta.

Ga wanda bai santa ba, ƴar ƙaramar shuka ce mai fure kamar gashin tsuntsu, dangin gwaiba da kanumfari da bishiyar turare. Ire-irenta sun kai wajen 100, kuma kusan duk a jihar Yammacin Ostiraliya suke, da yawansu can cikin ƙasa wajen yankin noman alkama inda ba komai sai yashi da tsakuwa da marmara. Mu da muka zauna a Perth, babban birnin jihar, muna ganinta a lambun Kings Park lokacin furanni wajen Satumba zuwa Nuwamba, sai sha'awa ta kama mutum ya je ya sayo, daga nan matsala ta fara.

Babban laifin shine ruwa. Mutum ya taso yana ganin yadda ake dashen gwaiba a gida, a haƙa rami, a yi mata gurbi zagaye, a cika da ruwa safe da yamma, sai ya ce ai dangi ɗaya ne. Ba haka bane wallahi. A ƙasarta ruwan sama da sanyi yake zuwa, Yuni zuwa Agusta, in zafi ya shigo daga Disamba kuwa ƙasa ta bushe ƙamas, haka saiwarta ta saba. Kai kuma ka ɗauko tiyo ana tsakar zafi ka jiƙa mata gindi kullum, ka haɗa mata zafi da danshi, abinda ƙwayar cutar nan Phytophthora cinnamomi take so kenan, ita ce mai ruɓar da saiwa da ta addabi dazukan jihar. Kuma abin haushin, in saiwa ta fara ruɓewa ganye yana yin yaushi, sai mai shuka ya ce ƙishi take ji ya ƙara mata ruwa! Ni haka na ƙarar da layi guda na masu jan fure, Verticordia grandis, da na kashe kuɗi ba kaɗan ba a kansu. Da na tuge ɗaya saiwar ta yi baƙi, ɓawonta na salɓewa a yatsa, ƙasar sai wari. Yanzu abinda nake yi, tudu nake tara mata na yashi da tsakuwa in dasa a kai, ba gurbi sam. Shekarar farko ina bata ruwa jefi-jefi da sassafe, shima sai na tura yatsa cikin ƙasa na ji ta bushe. Bayan nan sai dai in zafin ya yi tsanani. Wasu suna bada fiye da haka kuma tasu tana rayuwa, ni dai nawa kenan.

Na biyu taki. Haba jama'a, wa ya ce muku kowace shuka kashin kaji take so? Na je gidan wani ɗan uwa na tarar ya zuba mata kashin kaji har da barbaɗa NPK a kai, wai yana so ta yi sauri, yana nuna min yana murmushi. Ban ce komai ba saboda a gidansa nake kuma an kawo shayi, amma na san ta tafi. Shukar da ta saba da ƙasa mara ƙarfi, in ka cika mata taki sai ta yi tohon banza mai laushi ko bakin ganyen ya ƙone. In dole sai ka saka, nemi wanda aka yi domin tsirran Ostiraliya, mai ƙarancin fosfaras, ɗan kaɗan bayan ta gama fure. Ni sau da yawa ma bana sawa.

Sauran ƙanana ne. Kar ka sa ta a inuwa ko lungun da iska bata ratsawa. Kar ka tara mata ɓawon itace har ya taɓa kara, tsakuwa ta fi. Wajen dashe kar ka warware saiwa, zare ta daga roba da ƙasarta yadda take. Aski kuma sama-sama bayan fure, in ka datse har tsohon ice yawancinsu basa sake toho.

Masu sayen iri suna jira ya tsiro, Allah ya bada haƙuri, yawancinsa baya fitowa, yankan reshe ya fi. Sabon shiga ya fara da Verticordia plumosa, ta fi sauran haƙuri. In kuma ƙasar gidanka mai laka ce, nemi mai aure, wadda aka ɗora kan saiwar wasu danginta, Darwinia citriodora ko Chamelaucium uncinatum, tana da tsada amma tana jurewa. Sai dai ka rinƙa duba ƙasan wurin auren, duk tohon da ya fito daga can ka cire shi, in ba haka ba uwar da aka ɗora ta a kai zata danne ta ka wayi gari kana renon wata shukar daban.

Masu tsayar da mota a bakin hanya su tugo ta daga daji kuma, doka ta hana sai da lasisi, kuma ko ka kawo ta gida da wuya ta kama.