Yadda na gyara kwanan watan da ya ɓace a iPhone

Shafin yankar tikitin motocin masu Umara ne, daga Jidda zuwa Makka. A Chrome na kwamfuta komai lafiya lau, amma alhazai masu tsofaffin iPhone sai su ga "Invalid Date" (wato kwanan watan ba daidai ba ne) a gurbin lokacin tashi.

Sabar, wato kwamfutar da ke riƙe da bayanan shafin, ce ke turo lokaci haka: 2025-03-10 14:30, da sarari tsakanin rana da awa. Chrome yana haƙuri da wannan tsari, tsohon Safari, manhajar buɗe shafuka ta iPhone, kuwa ba ya karɓa. Na mayar da lokacin tsarin ISO 8601, ƙa'idar rubuta kwanan wata da lokaci ta duniya: 2025-03-10T14:30:00+03:00. Kada a raina wannan +03:00 ɗin, agogon Saudiyya ke nan. Idan babu shi, wayar da ke kan agogon Kano za ta ɗauka lokacinta ake nufi, alhali awa biyu ne tsakani.

Wajen gwaji aka yi sakaci tun farko, a Chrome kaɗai aka duba. Kuma sa Chrome a iPhone ba ya canza komai, injin nuna shafuka na Safari, wato WebKit, ne a cikinsa. Yanzu kafin a saki sabon gyara, sai Playwright, manhajar gwada shafuka da kanta, ya bi shafin a Chromium (tushen Chrome), Firefox da WebKit, sannan a gwada a tsohuwar iPhone ta gaske.