Yadda ake dashen tumatir saiwa ta kama ruwa da taki

Duk shekara idan sanyi ya shigo aka fara noman rani, sai ka ga matashi ya sayi iri mai tsada, ya raine shi mako huɗu, ya dasa, bayan kwana uku duk sun kwanta. Sai ya ce ƙishi ne, ya ƙara ruwa, ya barbaɗa taki a gindinsu, ya ƙarasa su. Ni ma haka na yi asarar kwami shida a shekarata ta farko, abin bai bar raina ba har yau.

Ba zan tsaya kan gyaran ƙasa ba, duk mai lambu ya san wannan. A saiwa ake yin ɓarnar.

Kafin ka dasa komai, ciro tsiro ɗaya da ƙasarsa, ka wanke a hankali cikin kwano, ka ɗaga shi a haske. Kusa da bakin kowace saiwa za ka ga wani farin gashi siriri kamar auduga. Da wannan gashin shuka take sha. Saiwa mai kaurin nan aikinta riƙe tsiro da miƙa ruwa sama. Gashin kuwa ba shi da ƙwari ko kaɗan: fizga ɗaya ta tsinke shi, iskar hunturu ta busar da shi nan da nan. Ganye kuma ba ya jira, domin fiye da kashi 90 cikin 100 na ruwan da saiwa ta zuƙa ta ganye yake fita ya bi iska. Tsiron da aka tsinke wa gashi yana ta zubar da ruwa ta sama, ba mai shiga ta ƙasa. Shi ne yaushin da kake gani.

Don haka ka jiƙa wurin rainon sosai tun da safe. Kada ka ja tsiro ta wuya. Sa cokali ko tsinke mai faɗi ka ɗago shi da dunƙulen ƙasarsa, ka jera a faranti, ka rufe da jiƙaƙƙen buhu. A lambuna ba a dashe sai bayan la'asar, kuma ba na ɗaga ƙafa a kan wannan, saboda tsiro ya samu dare guda cikin sanyi kafin rana ta taɓa shi. Idan ka saka shi a rami, danna ƙasar da yatsu biyu ta manne da saiwar, ka ba shi ruwa nan take. Gashin da bai taɓa damshi ba ba ya shan komai.

Yanzu taki, wanda shi ya cinye ni. Yanka tumatir ka barbaɗa masa gishiri, ka dawo bayan ɗan lokaci, za ka tarar ruwa ya tsattsafo. Ruwa yakan bi inda gishiri ya fi yawa. A ka'ida ruwan cikin saiwa ya fi na ƙasa gishiri da zaƙi, shi ya sa damshi ke ratsawa ya shiga. Takin zamani kuwa, da NPK 15-15-15 da yuriya, idan ya narke a gindin tsiro sai ruwan wurin ya fi na saiwa kauri, tafiyar ta juya baya, ƙasa ta fara tsotse ruwan saiwa. Shi ne manoma ke cewa taki ya ƙona shuka, alhali ƙasar jiƙe take sharkaf. Ka bari sai tsiro ya miƙe ya fito da sabon ganye, wajen mako biyu. Sannan ka tona ɗan rami nesa da kara kamar faɗin tafin hannu, ka auna taki cikin murfin kwalbar lemo ɗaya, ka zuba a ramin, ka binne, ka ba da ruwa. Da tsadar buhun taki a yanzu, wanda ya watsa shi a fili ya bar yuriya tana tashi cikin iska, kuɗinsa ya zubar. Ruɓaɓɓen takin gida a ƙasan kwami ya fi arha, amma ɗanyen kashin kaji ma yana ƙonawa.

Sinadaran taki sai sun narke kafin saiwa ta ɗauka, kuma da ƙarfinta take jawo su, ƙarfin nan kuwa sai tana numfashi. Kwamin da ruwa ya kwana a ciki ba iska a ƙasarsa, saiwa ta shaƙe, ganye ya yi rawaya ko da taki ya wadata. Cusa yatsa a ƙasa: in da damshi, bar shi sai gobe.

Bayan haka sai ban ruwa a kan lokaci, musamman idan ya fara 'ya'ya. Yau ƙishi gobe ambaliya shi ke sa gindin ɗan tumatir ya yi baƙi ya ruɓe, don sinadarin kalsiyam, wanda ke hana wannan ruɓewar, ruwa yake bi ya isa ga ɗan. Wajen cire ciyawa kuma kada fartanya ta matso kusa da kara, sa hannu.