Yadda baƙo zai tattara tarihin iyali a gidan 'yan Filipin

Wanda aure, karatu ko aiki ya zaunar da shi cikin iyalin 'yan Filipin ba zai daɗe ba zai lura cewa kusan kowane gida yana da wanda ya ɗauki nauyin kowa, amma ba a taɓa zama an rubuta labarinsa ba. Wataƙila goggo ce da ta ƙarar da ƙuruciyarta tana aikatau a Hong Kong don ƙannenta su yi karatu, ko kawun da ya yi aikin gini a Saudiyya, ko kakar da ta ga mamayar Japan tana yarinya. Gwamnatin ƙasar tana kiran masu aiki a waje sababbin jarumai, amma hotunansu suna cikin kwali a ƙarƙashin gado, danshi da gara suna cinye su. Baƙo yana da damar da 'yan gida ba su da ita a wannan aiki, domin tsofaffi sukan warware masa abin da suke ganin 'ya'yansu sun riga sun sani. Sai dai idan ya shigo ta ƙofar da ba ita ba, murmushi kawai zai samu.

Kafin ka kunna waya

Kada ka tunkari tsohon kai tsaye. Nemi wadda take riƙe da harkokin gidan, galibi babbar 'ya ko wata goggo, ka gaya mata abin da kake so ka yi da inda za a ajiye shi. Ita za ta yi maka iso. Kakanni ana ce musu lolo da lola, sa'annin iyaye tito da tita, wa da ya kuma kuya da ate, kuma ba a kiran babba da sunansa tsirara. A yankunan masu harshen Tagalog ka riƙa saka po a ƙarshen magana, amsar girmamawa kuwa opo ce. A tsibirin Cebu da kewayensa ba a cika amfani da su ba, don haka kada ka ɗauka raini ne idan ba ka ji su ba. Gaisuwar manya ita ce ka kama hannun dama na tsohon, ka ɗan rusuna ka ɗora bayan hannun a goshinka, ka ce mano po. Idan addininka bai ba ka damar kama hannun macen da ba muharramarka ba, sa a yi mata bayani tun kafin ka iso, sannan ka ɗora hannu a ƙirji ka sunkuyar da kai.

Ka riƙo tsaraba, ko da burodi ko 'ya'yan itace ne. Za a sa maka abinci, kuma ƙin ci gaba ɗaya yana sanyaya jikin mai gida. Musulmi ya faɗa tun da wuri: "Hindi po ako kumakain ng baboy", wato ba ya cin naman alade. Ya kuma tambayi romo da man girki, domin miyar ganye ma sau da yawa da ɗan naman alade ake ɗaga ta. Kifi, ƙwai da shinkafa ba sa yankewa a gida.

Batun izinin naɗar murya ba na ladabi kaɗai ba ne. Dokar ƙasar mai lamba 4200, ta shekarar 1965, ta haramta naɗar hirar sirri ba tare da yardar duk masu magana ba. Saboda haka abu na farko da zai shiga wayar shi ne kwanan wata, sunan gari, sunan mai magana, da amincewarsa da bakinsa. Ka kuma san cewa kunya tana hana mutane da yawa cewa a'a ƙarara. Idan aka ce maka "za mu gani" sau biyu, an ƙi ke nan. Bar maganar zuwa wani lokaci.

Zaman hira

Ranar 1 da 2 ga Nuwamba dangi sukan taru a maƙabarta don ziyarar mamatansu, sukan kuma haɗu lokacin Kirsimeti da bikin shekara na gari. Waɗannan ranaku sun dace da tattara sunaye, kwafe shekarun da ke jikin kaburbura, da nuna hoto a ce maka wane ne wannan. Ba su dace da hira mai zurfi ba, hayaniya ta yi yawa. A zaman makoki kuwa, inda ake kwana ana hira dare da dare, labarai sun fi fitowa fiye da ko'ina, amma a nan kunne kawai za ka sa. Ka riƙe abin da ka ji, ka dawo ka tambaya bayan an yi addu'ar kwana 40.

Hirar gaske ta safe ce, bayan karin kumallo. Sa wayar a yanayin jirgin sama don kada kira ya katse naɗin, ka ajiye ta a kan tawul mai ninki, tazarar kamar santimita 30 daga bakin mai magana. Fanka ita ce babbar mai ɓata aiki: juya ta gefe, kada iskarta ta bugi wayar. Ku nisanci tagar da ke kallon titi saboda babura masu ɗaukar fasinja, da filin da ke bayan gidan inda ake ɗaure zakaru. Yi gwajin minti ɗaya ka saurara kafin a fara. Minti 45 zuwa awa ɗaya ya isa. Zama uku gajeru sun fi ɗaya mai tsawo amfani, domin abin da tsoho ya manta yau yakan dawo masa da dare.

Bar shi ya yi magana da harshen da ya tashi da shi, Tagalog ne, Ilocano, Waray ko Cebuano. Da Turanci zai ba ka taƙaitawa ne kawai. Idan da hali jika ya zama tafinta, ba ɗa ba. 'Ya'ya sukan gyara wa iyayensu labari ko su tsallake abin da suke jin nauyinsa, jika kuwa shi ma sauraro yake yi.

"Ba ni labarin rayuwarki" tambaya ce da ba ta haifar da komai. Miƙa hoto, ko ka tambayi abu ƙarami: me ake ci idan shinkafa ta ƙare, wa ya biya kuɗin jirgin farko, wa ya riƙe yaran. Tsofaffi ba sa riƙe shekaru da lamba, amma suna riƙe su da abin da ya faru, kuma da wannan za ka gano lokaci. Mamayar Japan ta kasance daga 1942 zuwa 1945. Shugaban ƙasa na lokacin, Ferdinand Marcos, ya kafa dokar soja a Satumban 1972, aka kawar da shi a Fabrairun 1986. Dutsen Pinatubo ya yi aman wuta a Yunin 1991, guguwar Ondoy ta nutsar da unguwannin Manila a Satumban 2009, guguwar Yolanda kuma ta afka wa birnin Tacloban ranar 8 ga Nuwamban 2013, ta kashe fiye da mutum 6,000. "An haife shi kafin toka ta sauka ko bayan nan?" zai ba ka shekara cikin sauƙi.

Akwai wuraren da ba a tura tsoho. Abin da sojojin Japan suka yi wa mata ya yi kusan shekara 50 a rufe kafin ɗaya daga cikinsu, Maria Rosa Henson, ta fito ta faɗa a 1992, kuma gidaje da yawa har yau ba su buɗe nasu ba. Haka batun rigimar gona da na iyali na biyu. Dokar ƙasar ba ta ba da saki ba sai ga Musulmi, don haka rabuwar da ba ta shiga takarda ba tana da yawa, da 'ya'yan da wani ɓangaren dangi bai san da su ba. Idan murya ta canza ko aka yi shiru, tsayar da naɗin, ka nuna ka tsayar.

Sunaye da takardu

A nan baƙi suka fi ruɗewa. Sunan tsakiya na ɗan Filipin sunan zuriyar mahaifiyarsa ne, kuma shi ne zai kai ka ga dangin uwa. Mace idan ta yi aure, bisa al'ada sunan gidan ubanta yakan koma tsakiya. Laƙabi kuwa ya mamaye komai: dattijo mai furfura ana ce masa Boy ko Jun, kuma jikokinsa ba lallai su san sunansa na yanka ba. Rubuta duka biyun ga kowane mutum. Sunan zuriya irin na Sifaniya ba hujja ba ce ta jinin Sifaniyawa. A 1849 gwamnan mulkin mallakar Sifaniya, Narciso Clavería, ya sa aka rarraba wa iyalai sunaye daga wani kundi, shi ya sa sawun gida yakan ɓace ko ya canza suna idan ka wuce wannan shekara.

Takardun haihuwa, aure da mutuwa ana neman su a hukumar ƙididdiga ta ƙasa, PSA, kuma ɗan gida ne ya kamata ya nema ko ya ba ka izini a rubuce. Idan ba a samu ba, sai ofishin rajista na ƙaramar hukumar da aka haifi mutumin. Takardu da yawa sun ƙone a yaƙin 1945, don haka na da can sai a littattafan baftisma na cocin garin, waɗanda galibi da Sifaniyanci aka rubuta su kuma sukan ambaci iyaye har da kakanni. A nan zuwa da kai ya fi aike. A cikin Musulmin Mindanao da Sulu a kudancin ƙasar kuwa, wasu gidaje suna riƙe da rubutacciyar salsala da ake kira tarsila, wadda ba kowa ake nuna wa ba. Ta hannun dattawan gidan ake neman gani.

Hotuna da kaset

Ɗauki kwafin kowane hoto gaba da baya, domin rubutun baya yakan fi fuskar amfani. A na'urar sikanin, ƙaramin hoto yana buƙatar ɗigo 600 a kowane inci. Idan da waya ne, yi a inuwa kusa da taga, ba filasha, wayar a miƙe daidai saman hoton. Hoton da ya manne a tsohon albam mai gam ko a gilashin firam, ɗauke shi a yadda yake, kada ka ɓamɓare. Kada a liƙe hoto ko takarda da leda mai zafi, domin ba a iya cire ta, kuma danshin da ta rufe a ciki zai ci gaba da aiki. Rubutu a baya da fensir ake yi. Tawadar biro tana ratsowa.

Idan ambaliya ta jiƙa hotuna, lokaci ya fi komai, domin fumfuna takan kama cikin kwana biyu. Ɗauraye su a hankali cikin ruwa mai tsabta mai sanyi, ba tare da goga fuskar ba, ka shimfiɗa su ɗaya-ɗaya fuska sama a inuwa, fanka tana kaɗawa. Rana tana nannaɗe su. Waɗanda ba za ka kai gare su ba, sa su a leda ka ajiye a firiza har ka samu sarari.

Ka tambayi kaset ɗin murya. Masu aiki a ƙasashen Larabawa a shekarun 1980 da kaset suke aiko saƙo gida, kuma sau da yawa ita ce kaɗai muryar mamaci da ta rage. Wanda ya yi fumfuna kada a sa shi a rediyo, zai iya tsinkewa. Kai wa masu juya kaset zuwa kwamfuta.

Na asali su zauna a akwatin roba mai murfi da 'yan ƙunshin sinadarin tsotse danshi, a saman kabad ko a bene, nesa da rufin kwano. Kwafi kuwa uku: ɗaya a kwamfuta, ɗaya a intanet, ɗaya a hannun dangin da ke wani tsibiri ko wata ƙasa. Kada ka dogara da Facebook ko Messenger, suna rage ingancin hoto. Kafin ka tura komai a zauren dangi, kunna wa mai labarin ya ji, ya cire abin da yake so a cire, sannan ka wanko masa hotunan a takarda mai ɗan girma da sunaye a ƙasa, domin yawancin tsofaffi ba sa iya ganin fuska a ƙaramin allon waya.