Yadda ake sa tufafi masu shara-shara a lokacin bazara

Daga watan Maris zuwa Mayu, lokacin da zafi yake haura digiri 40 a garuruwa irin su Sakkwato, Maiduguri da Kano, mata da yawa suna ajiye shadda da atamfa mai kauri su koma wa yadi marar nauyi, wato shifon, boyel, leshi mai raga da mayafai masu shara-shara. Niyyar mai kyau ce, amma masu fara wannan kwalliya sukan ƙare da ɗaya daga cikin matsaloli biyu: ko dai rigar ta riƙa nuna abin da ba a so a gani, ko kuma tela ya yi mata shafi mai kauri har ta fi atamfar da aka guje wa zafi. Duka biyun daga shafi suke tasowa, saboda haka a kansa zan fi daɗewa.

Mataki na farko shi ne ki san abin da kike saye. Ba kowane yadi mai shara-shara ne yake da sanyi ba. Mafi yawan shifon da ke kasuwa a yau na roba ne, ba na siliki ba, kuma roba ba ta shan gumi, sai dai ta riƙe shi a kan fata. Boyel na asali da zaren auduga ake saƙa shi, shi ya sa leshin boyel da ake kawowa daga Suwizalan da Ostiriya ya yi suna, kuma shi ya sa yake da tsada. Idan mai shago ya ce miki yadinsa auduga ne, ki roƙi ɗan ƙyalle daga bakin yadin ki kai shi gida ki kusantar da shi ga ashana. Auduga tana ci da wuta kamar takarda ta bar toka mai laushi, roba kuwa narkewa take yi ta dunƙule ta zama ƙwallo mai tauri. A ganina, don zirga-zirgar yau da kullum, boyel na auduga ko da marar ado ne ya fi shifon mai ƙyalli komai kyawunsa.

Mataki na biyu shi ne gwaji a rana. Cikin shagunan Kantin Kwari da makamantansu akwai inuwa, kuma a inuwa kusan kowane yadi yana kama da mai rufe jiki. Ki fito da shi bakin ƙofa, ki shimfiɗa falle ɗaya a kan bayan hannunki, sannan ki ɗaga shi tsakaninki da rana. Hasken da ke fitowa ta baya shi ne yake tona asirin tufafi, domin shi yake zana siffar ƙafafu ko da ba a ga launin fata ba. Ki tuna kuma cewa yadi mai haske yana ƙara shara-shara idan gumi ya jiƙa shi, baƙi kuwa yakan ba da kunya a hoton da aka ɗauka da hasken kyamara.

Yanzu sai batun shafi, inda akasari ake yin ɓarna. Abin da na sha gani shi ne mace ta kashe kuɗi mai yawa a kan leshi, ta miƙa wa tela, ta ce masa ya sayi shafi da kansa. Tela kuwa zai ɗauko mai araha, wanda kusan kullum yadin roba ne mai santsi da ƙyalli, ya ɗinke shi da rigar daga wuya har ƙasa. Iskar da ramukan leshin ya kamata su shigar sai ta tarar da katanga, mai rigar ta wuni tana gumi tana zargin leshin. Ƙa'idar ita ce ki sayi shafinki da hannunki a ranar da kika sayi yadin, kuma ya kasance auduga marar nauyi. Ya fi na roba tsada, amma bambancin bai kai kuɗin ɗinkin da za ki sake biya ba idan aka farke rigar.

Launin shafin ma yana da nasa hukunci. Mutane da yawa suna ɗauka cewa farar riga sai farin shafi da fararen kayan ciki, alhali fari a ƙarƙashin fari yana fitowa ɓaro-ɓaro a kan baƙar fata, har a ga inda ya fara da inda ya ƙare. Idan shafin zai rufe rigar gaba ɗaya, ki zaɓi launin da ya yi daidai da na yadin. Idan kuwa wani sashe kaɗai zai rufe, ko kuma batun shimi da siket na ciki ake yi, to launin da ya fi kusa da fatarki shi ne yake ɓacewa, wato ruwan ƙasa mai duhu ko mai haske gwargwadon jikinki. Kada ki yarda da launin da 'yan kasuwa suke kira na fata alhali ruwan madara ne, domin ba don fatarmu aka yi shi ba.

Kafin ki kai wa tela, ki jiƙa shafin a ruwa ki shanya shi ki goge. Auduga tana tsukewa a wankin farko, leshin roba ko shifon kuwa ba ya tsukewa, saboda haka idan aka ɗinke su tare ba tare da an wanke shafin ba, bayan wanki ɗaya sai ki ga rigar ta tattare tana jan kanta a kafaɗa da gefe, kuma babu gugar da za ta gyara wannan. Sannan ki gaya wa tela a fili cewa kada ya haɗa bakin shafin da bakin rigar a ƙasa. A bar kowanne ya sauka da kansa, shafin ya gaza rigar da kamar inci ɗaya, don iska ta riƙa ratsawa tsakaninsu. Ni na fi son a ɗinka shafin daban a matsayin doguwar shimi, domin guda biyu, ɗaya mai duhu ɗaya mai haske, za su yi wa riguna da dama aiki, kuma su ne za ki riƙa wankewa kullum maimakon leshin. Leshi yawanci yadi biyar ake sayar da shi, amma shafi ba ya bukatar haka; ki tambayi tela adadin da salon ɗinkin zai ci kafin ki saya.

Akwai abu biyu da za ki ƙara nema daga tela. Ya sa siririyar allura a keke, domin babbar allura tana jan zaren shifon ta bar tabo a tsawon ɗinki. Kuma ya naɗe bakin ɗinkin ciki ya rufe shi, tunda a yadi mai shara-shara ana hango duk zaren da ya zazzago. Ɗinkin ya kasance mai walwala, irin bubu ko doguwar riga mai faɗi, domin matsattsen ɗinki yana yage irin wannan yadi a hammata kuma yana kashe amfanin sanyinsa.

Wajen sawa, abu ɗaya mai shara-shara ya isa a jiki. Idan rigar sama ta shifon ce a buɗe kamar abaya, to ta ciki ta zama cikakkiyar riga mai dogon hannu da za ki iya fita da ita ko babu ta saman. Idan hannun riga ne kaɗai aka bari babu shafi, mayafin ya zama mai ɗan kauri. Mayafin shifon yana zamewa, don haka ki ɗaura ɗankwali ko hular auduga a ƙarƙashinsa, ki ninka shi biyu ta wajen ƙirji, kuma ki ajiye hijabi a jaka saboda salla, tunda mayafin da ake ganin gashi da wuya ta cikinsa bai wadatar ba. Ki sani kuma cewa yadi mai shara-shara ba ya tare rana sosai, wadda za ta daɗe a waje da tsakar rana tana bukatar lema.

Kayan ado su zama masu santsi. Awarwaro mai ƙayoyi, zobe mai duwatsu a tsaye da jaka mai sarƙar ƙarfe duk suna kama zare, kuma zaren shifon idan ya ja ba ya komawa. Maimakon fil mai tsini, ki nemi maƙalin mayafi na maganaɗisu. Turare a fesa a jiki ko a shimi, ba a kan yadin ba, musamman mai maiƙo.

Wanki da hannu ne, a ruwan sanyi da sabulu kaɗan, ba a murɗawa, a shanya a inuwa. Dutsen guga na gawayi ba na shifon ba ne. Idan dole ne, a shimfiɗa ƙyallen auduga a kai sannan a goge da ɗumi kaɗan.