Daga Tema Zuwa Takoradi a Jirgin Filafili: Ruwan Sha, Girki da Gadin Dare

Tsakanin Tema da Takoradi kusan mil 115 ne na teku, amma kada taswira ta ruɗe ka. A gaɓar Gana iska daga kudu maso yamma take busowa mafi yawan shekara, igiyar ruwan Gini kuma gabas take ja. Mai nufin yamma, wato Takoradi, da su biyun zai yi kokawa, yana ta karkata dama da hagu, har tafiyar kwana ɗaya ta koma biyu ko uku. Saboda haka guzurin kwana biyar za ka yi.

Fara da ruwa. Ware wa kowane mutum lita 4 a rana, sha da girki kaɗai. Ku huɗu ne, kwana biyar, lita 80 ke nan. Kada ka zuba shi duka a tankin jirgi: tiyo ɗaya ya tsage, ko famfo ya kwana yana ɗiga, ka wayi gari ba ko ɗigo. Raba shi a jarkoki huɗu masu lita 20, ka ɗaure su tamau a ƙasan jirgi. Ruwan da ba ka yarda da shi ba, ɗiga masa bilic (ruwan kulorin na wanki) marar ƙamshi, ɗigo 2 a kowace lita, ka jira minti 30. Wanke kwano da alwala kuwa, ruwan teku ya wadatar, mai tsarki ne. Alƙibla daga Akra tana wajen digiri 64 a kamfas, sai dai jirgi ba ya tsayawa wuri ɗaya, ka duba kafin kabbara.

Abinci, kasuwar Nima da ke Akra ta ishe ka: garin rogo, shito (soyayyen yajin Gana), soyayyar gyaɗa, sukari, kifin gwangwani. Juye garin a robobi masu murfi tun a tudu, don laima tana bin leda ta dunƙule shi. Wake da shinkafa a dafa su a gida, na ranar farko ne kawai. Wanda jiri ya kama, a ba shi citta ya tauna, ya zauna a waje yana kallon inda sama ta haɗu da ruwa, kada ya kwanta a ciki.

Tulun gas a waje yake zama, a rufe shi daga kansa bayan kowane girki. Gas ya fi iska nauyi, in ya zuba sai ya kwanta a ƙasan jirgi yana jiran tartsatsi.

Dare shi ne babban aiki. A raba gadi awa uku-uku, mai gadi da rigar ceto a jikinsa da igiya ɗaure da jirgi, rediyon VHF na magana da sauran jirage a tasha ta 16, ta kiran gaggawa. Daga Winneba zuwa Elmina kwalekwalen masunta sun cika teku, da yawa ba fitila, ga ragarsu shimfiɗe da nisa. Ran Talata ana ɗan samun sauƙi, masunta da dama ba sa fita, amma ba dalilin gyangyaɗi ba ne. In raga ta naɗe farfela, kashe inji nan take, kada ka ƙara wuta, ƙara cusa ta kake yi. Lokacin hunturu, daga Disamba zuwa Fabrairu, hazo yakan ɓoye gaɓa gaba ɗaya. Rubuta inda kake a littafi duk awa ɗaya, ko GPS ya mutu kana da wurin fara lissafi.