Yadda Ake Tsara Gona a Tafarkin Bill Mollison

Bill Mollison, haifaffen Tasmaniya ta Ostareliya a 1928, shi da David Holmgren suka fito da tsarin noman famakalca a shekarun 1970, wato noma mai ɗorewa da ke kwaikwayon yadda daji ke raya kansa. Ga yadda nake bin sa.

Kada ka yi gaggawar shuka. Ɗauki shekara guda kana lura da inda ruwa ke bi da inda iska ke kaɗowa. Abin da kake leƙawa kullum, kamar kayan lambu, sa shi dab da ƙofa. Kaji su biyo baya, suna ba ka taki suna cinye ƙwari.

Ni dai ruwa na fi ba muhimmanci. Haƙa rami a gicciye bisa gangare, ƙasansa a daidaice, ya tare ruwan sama ya nutse, ka dasa itatuwa a gefensa na gangare. Can ƙarshen gonar kuma, bar shi daji.