Yadda nake tsirar da masara a tire don ragunana

Bazarar da kuɗin harawa ya fi ƙarfina ce ta koya min tsirar da masara a tire. Ba ƙasa, ba taki, ruwa kawai. Raguna uku nake kiwo a bayan gida, ga yadda nake yi.

Samo masarar ci mai kyau, wadda ƙwari ba su huda ba. Kada ka kuskura ka ɗauko irin shuka da aka shafa wa magani, mai launin ja-ja ɗin nan, guba ne ga dabba. Zuba ta a bokitin ruwa, wadda ta taso sama ka kwashe, ba za ta tsiro ba. Ni nakan ɗiga Hypo kaɗan a ruwan wankin, sannan in ɗauraye sosai. Sai ta jiƙu awa 24. Ka tsane ta, ka ƙulle a jiƙaƙƙen buhun algarara kwana ɗaya ko biyu, har ka ga farar saiwa ta leƙo.

Wurin tire ne na sha kashi. Karon farko na cika shi taf da masara, ban kuma huda gindinsa ba. Kwana huɗu, ina ɗaga buhun da na rufe shi, wani tsami ya buge ni, funfuna ta yi fari fat kamar auduga. Duka na zubar, don abin da ya yi funfuna ba a ba dabba. Yanzu da ƙusa mai zafi nake huda tiren roba, in ɗan jingine shi a kan wata kanta yadda ruwa zai tsiyaye, kaurin masarar kuma ba ya wuce gaɓar yatsa. Rumfa mai inuwa da iska ake so, ban da rana tsaka. Yayyafi sau uku ko huɗu a wuni, lokacin zafi nakan ƙara.

Kwana 7 zuwa 9 ganyen ya kai taƙi guda, saiwar ta saƙe kamar tabarma, ka naɗe ta gaba ɗaya. Da hunturu takan ƙara kwanaki. Kilo ɗaya yakan ba ni wajen kilo biyar ko shida, amma kada nauyin ya ruɗe ka, yawancinsa ruwa ne. Shi ya sa ban daina ba su dusa da harawa ba, ragewa kawai na yi. Ka fara musu da kaɗan kar su yi zawo. Babban ragona kwana biyu yana shinshinawa yana kau da kai, sai da na yayyaga na barbaɗa dusa ya yarda.

Tire takwas nake juyawa, kullum in sauke ɗaya in ɗora sabo, bayan na wanke shi tas. Ɓeraye da kajin maƙwabta kuwa, sai da na zagaye kantar da ragar waya na huta da su.